Yadda na sa wa gyaran-kai na Word linzami

Abin da ya kai ni ga tona saitunan gyaran-kai (AutoCorrect, mai gyara maka rubutu da kansa yayin da kake bugawa a manhajar Word) wata takarda ce mai shafi goma sha biyu da na buga a wata manhaja ta dabam. Sai da na fitar da ita a firinta na ga duk inda na rubuta 'yan ko 'ya'ya, wakafin farko ya juya baya, ya koma alamar buɗe zance. Da na dawo kan Word sai na ce ba zan ƙara buga layi ɗaya ba sai na ga inda linzamin yake.

Ga hanyar: File, sai Options, sai Proofing, sai AutoCorrect Options. Tun Word 6.0 na 1993 ake da wannan gyaran-kai, kuma don mai buga Turanci aka tsara shi, shi ya sa in ka rubuta "i" ta amsawa take zama babban harafi. Abin da ya burge ni shi ne kowace ɗabi'a da nata akwatin. Ba dole ne ka kashe komai ba. Na bar wanda yake gyara manyan haruffa biyu a farkon kalma, don yatsana yakan makara a kan Shift. Na cire mai lanƙwasa alamun zance, da mai mayar da 1/2 ya koma ½, da wanda da ya ga ka fara layi da lamba 1 da ɗigo sai ya ɗauka jeri kake yi.

Inda na sha wuya kuwa, shafuka biyu ne masu suna kamar tagwaye: AutoFormat, da AutoFormat As You Type. Na yi ta cire alamomi a na farkon, ina komawa ina ganin babu abin da ya sauya. Ashe na biyun ne yake aiki yayin da kake bugawa. A can ne ma maganin layin nan yake, wanda ke fitowa in ka buga karan-ɗori uku ka danna Enter. Ba rubutu ba ne, iyakar sakin layi ce, don haka in ya zauna sai ta Borders ake cire shi.

Ctrl+Z ma abokin tafiya ne. In ka danna nan take, gyaran kaɗai yake janyewa, abin da ka buga yana nan.

Daga baya na mayar da abin ɗan aike na. Na sa masa gajerun haruffa da yake buɗewa su zama dogon sunan da nake yawan rubutawa. Na so in yi haka da haruffa masu ƙugiya, amma nan dabara ta ƙare, domin sai ka gama kalma yake dubawa, kuma bai san bambancin kasa da ƙasa ko bata da ɓata ba. Sai na tsaya ga kalmomin da ba su da kishiya, irin su ƙwarai da ɗalibi. Sauran kuma nakan buga 0199 in danna Alt+X, ƙ ta fito; 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ.

Wata uku ke nan, sau ɗaya kawai na koma cikin saitunan, shi ma don na yi kewar gyaran da ke fito da alamar ©, wanda na cire a baya, na mayar da shi.