Mako 6 ina gashin gwiwa ta kiran bidiyo

Bayan an yi min aiki a jijiyar gwiwar hagu, shiga mota zuwa asibiti sau uku a mako ya zame min azaba. Shi ya sa na koma ganin likitar fisiyo, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi, ta kiran bidiyo, minti 30 kowane zama.

Ranar farko ta burge ni. Ta sa na zagaya gida da waya a hannu, ta ga gajeriyar kujerar da nake zama, ta ga matakala, ta ga dardumar da ke zamewa a bakin banɗaki, ta ce in naɗe ta tun kafin mu fara. Wa zai ga wannan a asibiti? Atisayen kuwa da tawul da filo kawai muka yi: matse cinya, janyo diddige, ɗaga ƙafa a miƙe. A mako na uku gwiwar ta lanƙwasu zuwa digiri 90. Intanet kan katse, ban damu ba.

Matsalar tana wajen miƙewa. Ta ce, "Miƙe ta sosai," in miƙe, a allo kuma ga ƙafa sambal. Ni ma na yarda. Sai dai ɗingishi ya ƙi tafiya. A mako na huɗu ta ce lallai in je a taɓa gwiwar da hannu, na yi kunnen ƙashi har mako biyu. Wannan laifina ne, ba nata ba.

Da na je asibiti, likitan da na tarar ya aza ma'aunin kusurwa, wani abu kamar rula mai hannu biyu, ya ce saura digiri 7 ƙafar ta miƙe. Ya kama ƙoƙon gwiwar ya tura sama da ƙasa, ya ce ya cije. Ashe da ƙugu nake satar hanya, ina karkata shi don ƙafar ta yi kamar ta miƙe, kyamara kuma daga gefe ɗaya take kallona. Murzar da ya yi min ranar sai da na yi ƙwalla, babba da ni.

Ban bar bidiyon ba, domin shi ke hana ni lalaci. Amma yanzu duk mako biyu sai na kai gwiwar an auna, an murza. A awon jiya saura digiri 2.