Gargaɗi: mai tallan kayan tsofaffin Fijo a WhatsApp ya cinye min ₦107,000

Jama'a, kwana huɗu ina juya maganar nan a raina kafin na iya rubutawa, don wallahi kunya ce. Naira 107,000, a kan wayar hon.

Motar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, Fijo 504 haɗin Kaduna. Shekara biyu ina tada ta a hankali. Inji ya tashi, an yi fenti, hon kaɗai ya rage. Wanda ya san 504 ya san ba a tsakiyar sitiyari ake danna hon ɗinta ba, yana jikin sandar da ke gefe. To tawa sandar ta karye daga ciki, wayoyin kuma ɓera ya gama da su lokacin da motar ke ajiye. Mai wayarin ɗina ya ce a ja sabuwar waya a sa maɓalli a ƙasan sitiyari, a huta. Na ƙi, na ce na asali nake so.

Ni fa ba yaro ba ne. Sama da shekara 20 ina sayen kayan mota a Ƙofar Ruwa, ina gane ɗan Beljiyam da jabu ko a duhu. Amma da na kira mutumin nan, kafin in gama bayani sai ya ce, "Alhaji, ai taka a sanda hon ɗin yake, ko?" Nan ya kama ni. Na zaga shaguna sun fi goma, yaran shago suna miƙo min na 505, wani ma na Toyota, sai ga wanda ya sani tun ban faɗa ba. Har lambobin ƙafafun rile, ɗan akwatin nan da ke sakar wa hon wuta, ya karanto min, 30, 85, 86, 87, wacce ke zuwa batir ta fiyus, wacce ke zuwa hon. "Alhaji, ai taka a sanda yake." Har yanzu muryar tana kunnena. Ku faɗa min wa zai yi zargi?

Na tura 85,000. A'a, kafin nan ma sai da ya turo bidiyo, ga sanda, ga damin waya da soket ɗinsa, ya ce daga Kwatano kayan suke. Daga baya ne ya ce direba ya riƙe kaya sai an ba shi 22,000. Ko ranar Laraba ce ko Alhamis, na dai tura ina tsaye a ƙofar masallaci bayan la'asar. 85,000 da 22,000. Kuma sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. Na gani da idona, na danna.

Kwalin ya iso tashar Unguwa Uku, an lafta masa salatif kamar zinare ne a ciki. A gaban mai wayarin na buɗe. Wayar hon ɗin A Daidaita Sahu ce, siririya, da wani rile da ya ƙone har yana wari, an naɗe su da tsohuwar jarida. Sanda kuwa babu ita. Mai wayarin ya ɗaga wayar ya duba, ya ajiye, ya ce, "Oga, Allah ya mayar da alheri." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Shagon da ya ce nasa ne a Ƙofar Ruwa na je, layi-layi na bi, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Lambar a kashe take tun ranar.

Rasit biyu na tiransifa da hirarmu duk suna wayata, zan ɗora su in na rufe sunan mai asusun, don wataƙila shi ma aron asusunsa aka yi. Kada ku tura wa kowa ko sisi sai kaya na hannun mai wayarinku ya gwada a jikin mota.

Jiya uwargida ta tambaye ni yaushe za a fita da motar Baba. Na ce mata saura hon.