Gargaɗi ga masu tsohuwar Hilux da a-kori-kura: ku kiyayi mai tallan kayan ƙara wa inji ƙarfi

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwana direbobi da masu motocin ɗaukar kaya. Dan Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura wa ɗan uwansa mai tsohuwar mota, domin abin da ya same ni ba na fatan ya sami kowa, kuma na tabbata ba ni kaɗai mutumin nan ya cuta ba.

Akwai wani da yake talla a Facebook da TikTok, yau shafinsa da wannan suna gobe da wancan, lambar waya ma haka, amma tallan ɗaya ne kullum. Zai nuna maka tsohuwar Hilux tana hawa tudu da gudu shaƙe da buhuna, ana kiɗa, sai ya ce wai yana da kaya saiti guda da zai ƙara wa injinka ƙarfi kusan ninki biyu, ya rage shan mai, kuma motarka ta daina obahitin, wato zafi fiye da kima, har abada. Saitin abu uku ne: wani ɗan akwati mai wayoyi da yake kira cif, wata fanka da yake kira tobo na lantarki, sai lagireto wai na alminiyom mai layi huɗu ɗan waje.

Ni motata Hilux ce mai injin 22R, irin mai kafireto ɗin nan da Toyota ta fara yi tun 1981, lita 2.4, silinda huɗu. Da ita nake ci da iyalina, ina ɗaukar hatsi daga Dawanau a Kano in kai Jos, in juyo da dankali ko kabeji. Wanda ya san hanyar ya san wahalarta, in ka wuce Falgore da Saminaka ka isa Jengre aka fara hawa, mota mai kaya sai ta koma giya biyu tana nishi, allurar zafi tana ɗagawa kana kallonta gabanka yana faɗuwa. To a wannan halin nake na ci karo da tallan. Na yi masa magana ta WhatsApp, bakin nan nasa kamar zuma, Alhaji kaza, ranka ya daɗe kaza, ya turo mini muryoyin wasu wai kwastomominsa suna godiya, ya ce saiti biyu kawai ya rage kuma wani daga Maraɗi yana jiran ɗaya. Na ce to in zo shago in gani, ya ce ai shagon yana Legas shi kuma yana kan hanya, amma in na yi transfa zai yi mini wayabil zuwa tasha. Na tura naira 185,000, sunan da ya fito a akawun ma ba wanda ya gaya mini ba ne, na tambaya ya ce na yaronsa ne.

Kuma kaya sun zo fa, nan ne wayonsa yake. Ba irin wanda zai karɓi kuɗi ya ɓace nan take ba ne, sai ya aiko maka da abin da zai kashe maka mota tukuna.

Na kai wa ogan garejinmu, dattijo ne da ya fi shekara talatin yana taɓa Toyota da Peugeot. Ya juya akwatin nan a hannu ya ce, ɗana, wannan a ina za a jona shi? Motarka ba ta da kwamfuta, kafireto ne da distributa, cif ɗin da wa zai yi magana? Ya ce shi ba zai ɗaura ba. Na kira mutumin, ya ce ai tsofaffin makanikai ba su san fasahar zamani ba, hassada ce kawai, ya turo mini murya yana bayanin yadda za a yi: a jona akwatin a batir, a cire filtar iska a sa fankar a gurbinta, a cire tamostat a yar, sannan a murɗa distributa a ƙara taimin. Na samu wani yaro a wani garejin ya yi duka.

Ku lura da wannan ƙarin taimin ɗin da kyau don shi ne sirrin damfarar gaba ɗaya. In aka gaggauta wutar fulogi kuma aka ɗaga silo kaɗan, wato juyin inji lokacin da mota take tsaye, mota ba kaya za ka ji kamar ta ƙara kuzari, ka taka ta zabura, sai ka ce lallai cif yana aiki. A ranar har murya na tura masa ina godiya, kuma ina kyautata zaton yanzu haka da muryata yake yaudarar wani, wannan yana damuna wallahi. Amma da aka loda mata buhu aka fara hawa, sai inji ya fara wata ƙara kas-kas-kas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wato man yana fashewa kafin lokacinsa yana dukan kan fistin, kuma wannan zafi yake ƙarawa ba ƙarfi ba. Tafiya ta biyu, bayan Jengre kaɗan, allura ta tafi ja, kafin in sami wurin fakin tururi ya turnuƙe bonet. Kan silindar 22R alminiyom ne, gangar jikin kuma ƙarfe, in ya sha zafi irin haka sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Da na zaro sandar auna baƙin mai sai na gan shi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Kwana na yi a bakin titi da kayan mutane, washegari aka sauya wa kayan mota, ita kuma aka jawo ta.

Da muka dawo gareji, Baba, wato ogan garejin namu, bai ce mini komai ba, sai ya ɗauki sukudireba ya ɓalle akwatin a gabana. Babu komai ciki sai ɗan ƙaramin allo da kwan fitila biyu masu ƙyaftawa, ja da kore. Shi ke nan. Fankar kuma roba ce, irin ta ƙananan kayan wuta. Ku yi lissafi da kanku: injin lita 2.4 duk juyi biyu yana zuƙar iska kusan lita 2.4, in yana juyi 3000 a minti ɗaya kusan lita 3600 ke nan yake nema, to ina 'yar fankar batir za ta iya tura wannan, ai tare hanyar iskar ma take yi. Tobo na gaskiya hayaƙin salansa ne yake juya shi, yana wuce juyi dubu ɗari a minti, yana da layin baƙin mai nasa. Ita kanta Toyota da ta yi wa wannan injin tobo a tsakiyar shekarun 1980, wanda ake kira 22R-TE, sai da ta sa masa injekta ta rage matsin silinda zuwa 7.5 don kada ya tarwatse. Kamfanin da ya ƙera injin bai iya yi da waya biyu da fanka ba, sai wani a TikTok? Ga kuma filtar iska da aka cire, duk ƙurar hanya ta shiga ta ci ringi, yanzu har da su za a canza.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lagireton. Mai gyaran lagireto ya kankare jikinsa da wuƙa sai ga baƙin fenti a ƙarƙashi, ashe tsoho ne aka fesa masa fenti ruwan azurfa. Ya buɗe tankin sama, layi biyu ne ba huɗu ba, kuma bututu da yawa an matse bakinsu an liƙe da gam saboda suna yoyo, wasu kuma sun toshe da farin dattin ruwan rijiya. Wato nawa na asali da na cire ya fi shi lafiya nesa ba kusa ba. Na kira mutumin, ya ce laifin makanikena ne bai iya ɗaurawa ba, in ƙaro 40,000 ya aiko da wani injiniya. Na ce a dawo mini da kuɗina, daga nan ya yi bulokin ɗina.

Maganar tamostat kuma ina so in ɗan tsaya a kanta don ba wannan ɗan damfarar kaɗai ke faɗa ba, da yawanmu mun taso muna jin cewa wai na ƙasashen sanyi ne, a nan cirewa ake yi. Tamostat ƙofa ce kawai, tana rufe da safe har ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 88 sannan ta buɗe. Da zarar ta buɗe ta gama nata, sauran aikin na lagireto ne da fanka da famfon ruwa. In lagiretonka a toshe yake ko ka cire ta sau goma sai motar ta yi zafi a tudu, abin da ka samu kawai shi ne inji zai daɗe bai ɗumama ba lokacin hunturu, ya sha mai ya ci kansa. In ta maƙale a canza ta, ba tsada. Haka murfin lagireto, mutane suna raina shi, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, mai kyau yakan kai shi wajen 120, in robarsa ta mutu ruwa zai riƙa zubewa kana ta ƙari ba ka san dalili ba.

Baba ya ce mini duk man da inji ya ƙona, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake zuwa taya, saura zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Saboda haka duk ƙarfin da ka ƙara, zafi ka ƙara, kuma a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 wanda zai yi maka maganar ƙarfi bai fara tambayarka lafiyar lagiretonka ba, ba motarka ce a gabansa ba. Sannan ita hawan Jos ɗin ma, garin yana sama da mita 1200, iska ta fi sirara a can, duk injin da ba tobo dole ya ɗan rage ƙarfi, ba lalacewa ba ce. Abin da tsohon inji yake so sananne ne: a auna matsin silinda, a saita bawul, a wanke kafireto, fulogi da wayoyinsu masu kyau, taimin daidai yadda kamfani ya ce, a duba kulocin fanka da fambel, kada a cire robar nan da ke zagaye fanka, a wanke lagireto ko a sake masa ciki a wurin mai gyara kana tsaye kana gani, a daina ɗura masa ruwan rijiya zalla. In kana son babban lagireto ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna da makanikenka, ka leƙa ta bakin ka ƙirga layin da idonka, a zuba ruwa a gwada kafin ka biya. Kuma mu ma mu rage lodi, motar da aka yi don tan ɗaya muna ɗora mata biyu.

Yanzu dai motar tana gareji sati na uku ke nan, an kai kan silinda a goge, ana jiran in haɗa kuɗin ringi da gaskit, ni kuma ba aiki. Na kai rahoto banki da wurin 'yan sanda da rasit ɗin transfa da duk muryoyin da ya turo mini, akwatin da fankar da lagireton ma na ajiye su shaida. Jiya wani direba a Dawanau ya nuna mini tallan a wayarsa, sabon suna, sabuwar lamba, amma Hilux ɗin nan ce dai take hawa tudun nan, har ya riga ya tura rabin kuɗi. Duk wanda ya taɓa tura wa mutumin nan kuɗi dan Allah kada ya goge hirarsu ko rasit, ya kai rahoto shi ma, in muka yi yawa akawun da yake amfani da su za su fi saurin toshewa.