Sabon zoben sinkro ko giyabos ɗan Beljiyam: wanne ya kamata a saya?

Idan mota mai giyar hannu ta fara gurnani duk lokacin da direba ya tura ta giya ta biyu, galibi laifin na wani ƙaramin zobe ne na tagulla da makanikai ke kira sinkro. Aikinsa shi ne ya matse a wuyan giyar, ya daidaita gudunta da na shaf, wato sandar ƙarfen da giyoyin ke hawa, kafin haƙora su shiga juna. A cikinsa akwai ƙananan tsagogi da ke share mai domin zoben ya kama da kyau, kuma da zarar sun shafe sai haƙora su riƙa haɗuwa alhali gudunsu bai zo ɗaya ba. Zoben kansa ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin aikin sauke giyabos da buɗe shi, saboda haka mai mota ya kamata ya tsara sayayyarsa ta yadda ba za a sake buɗewa karo na biyu ba.

Kafin a kashe ko sisi, a tabbatar cewa matsalar daga zoben take. Idan duk giyoyin suna wahalar shiga, har da ribas, musamman lokacin da mota take tsaye inji yana aiki, to kuloci ne ba ya saki yadda ya kamata, kuma sauya sinkro ba zai magance komai ba. Idan giya ɗaya ce kawai take ƙara, kuma ƙarar tana raguwa idan direba ya ɗan jinkirta hannunsa, wannan alamar sinkro ce. Idan kuwa giyar tana shiga amma tana fita da kanta a kan hanya, lalacewar ta wuce zobe, ta kai ga haƙoran giyar ko mariƙin da ke tura ta.

Mafi arha a cikin zaɓuɓɓukan shi ne sauya man giya, kuma yana da kyau a fara da shi idan ƙarar ba ta yi tsanani ba. Yawancin giyabos masu zoben tagulla an yi su ne domin mai mai lambar GL-4. Man GL-5, wanda ya fi dacewa da akwatin giyar da ke tsakanin tayoyin baya na manyan motoci, yana ɗauke da sinadarai masu yawa da kan hana zoben kamawa sosai, wasunsu ma suna cin tagulla a hankali. Peugeot 406 tana son 75W-80, kuma zuba mata mai mai kauri kamar 90 ko 140, wanda wasu ke yi da niyyar kashe ƙara, yana sa giya ta yi tauri da safe. Sai dai mai ba ya dawo da tsagogin da suka riga suka shafe, kuma idan bayan sauyawa ƙarar ba ta ragu ba, babu makawa sai an buɗe.

A nan ne ainihin zaɓin yake. Zobe na asali, wato wanda ya fito daga kamfanin motar ko daga kamfanin da ke ƙera mata kayan, shi ne na fi amincewa da shi, domin kwanar wuyansa da zurfin tsagoginsa sun dace da giyar daidai. Matsalarsa biyu ce: tsada, da kuma wahalar samu ga tsofaffin motoci irin su Golf 3, waɗanda aka daina ƙerawa tun ƙarshen shekarun 1990. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za a ga zobba da yawa cikin kwali mai tambarin kamfani, amma kwali ba shaida ba ne. Zoben da ba a san maƙerinsa ba yakan yi kama da na asali a ido, sai an saka shi a ga bai zauna daidai ba, ko tagullar ta yi laushi ta cinye da wuri. Akwai kamfanonin kayan gyara masu suna da kayansu ke da inganci, kuma zobensu zaɓi ne mai kyau ga wanda bai samu na asali ba, matuƙar lambar kayan ta yi daidai da ta giyabos ɗin.

Batun lamba yana da muhimmanci ƙwarai. Mota iri ɗaya tana iya zuwa da giyabos daban-daban bisa ga injinta da shekararta. Volkswagen tana buga haruffa uku a jikin akwatin, kuma da su ake neman kaya, ba da sunan motar kawai ba. Haka nan wasu giyabos na baya-bayan nan suna amfani da zobba biyu ko uku a haɗe a giya ta ɗaya da ta biyu, wasu kuma an shafa wa cikinsu kabon, don haka ba za a maye gurbinsu da zoben tagulla zalla ba. Hanya mafi aminci ita ce a je kasuwa da tsohon zoben da kuma giyar da yake hawa, a ɗora sabon a kanta, a danna a juya. Zobe mai kyau zai kama nan take, ba zai yi rawa ba, kuma zai bar rata tsakaninsa da haƙoran giyar. Ana auna ratar da siririn ma'aunin da makanikai ke kira fila. Sabon zobe yakan bar milimita 1 ko fiye, kuma a littattafan gyara da dama iyakar lalacewa tana tsakanin milimita 0.5 da 0.8.

Wannan awon ne kaɗai zai sa na yarda da zoben da aka ciro daga wani tsohon giyabos. Tsohon zobe na asali da ratarsa ke kusa da ta sabo ya fi sabon jabu, amma wanda aka miƙo ba tare da awo ba, bai cancanci kuɗin aikin da za a kashe a kansa ba.

Zaɓi na ƙarshe shi ne a bar gyaran a sayi giyabos ɗan Beljiyam gaba ɗaya. Direbobin haya sun fi karkata gare shi saboda mota tana komawa hanya da sauri, kuma ba kowane makanike ne yake da na'urar matsa giyoyi daga kan shaf ba, wasu da guduma suke yi su lalata boris. Yana da ma'ana idan an buɗe an tarar haƙoran giya sun zube, boris sun yi sako-sako, ko giyoyi biyu ko uku duk suna ƙara, domin a lokacin kuɗin kayan zai kusa kai farashin akwatin. Amma mai saye ya sani cewa shi ma tsoho ne, kuma giyarsa ta biyu ta yi aikin da ba wanda ya san yawansa. A kwance noti na zubar da mai a duba: ƙyalli mai ruwan zinariya a cikin man alamar tagulla ce da ta cinye, gutsattsarin ƙarfe kuwa alamar haƙori ko boris ne. A juya shaf da hannu a kowace giya, a tabbatar lambar ta dace, domin giyabos na motar dizal ba ya tafiya daidai da injin fetur ko da ya ɗauru. Kada a biya sai mai shago ya rubuta a rasit kwanakin da ya yarda a dawo da shi idan ya yi ƙara.

Ga wanda giya ɗaya ce kawai ke damunsa kuma sauran akwatin lafiya lau, shawarata ita ce gyara da zobe na asali ko na kamfani sananne. Tunda an riga an sauke, a sauya oyil sil da gaskit, wato kayan da ke hana mai yoyo, a duba faifan kuloci da boris ɗinsa, kuma a auna zoben giya ta uku, wanda yakan biyo bayan na biyu wajen cinyewa. Idan giya ta biyar ce kaɗai ke da matsala, a tambayi makanike kafin ya sauke komai, domin a Golf 3 da Peugeot 406 tana ƙarƙashin murfin gefe ne, kuma sau da yawa ana iya kaiwa gare ta akwatin yana jikin mota.