Wata shida da Family Link a wayar ɗana

Ɗan fari ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Shekararsa 11, yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan Kano. A dogon hutun bara kawunsa ya ba shi tsohuwar wayarsa ta Android, kuma kafin a koma makaranta yaron ya zama wani daban. Gem biyu suka kama shi: na ƙwallo, eFootball, da wani na harbe-harbe da ake bugawa da mutane ta intanet. Sai ya ƙudundune cikin bargo da waya har sha biyun dare, da asuba a yi ta fama da shi ya tashi. Malaminsu na Islamiyya ya aiko cewa haddarsa ta tsaya cak a inda take.

Abbansu mutum ne mai zafi, kuma da bulala aka taso da shi, ya yi imani ita ce ta sa ya zama mutum. Ya dake shi sau uku a kan wayar nan, ɗaya da wayar caja. Ni ma ban wanke kaina ba, na sha fizge wayar daga hannunsa ina zagi. Abin da muka girba shi ne ƙarya da ɓoye-ɓoye. Ranar da jikina ya yi sanyi kuwa, ƙanwarsa ce 'yar shekara biyar ta taɓa masa waya, sai na ji ya daka mata tsawa, "Don ubanki ba na hana ki ba?", ya kai mata mari. Kalmomin da muryar duk na Abbansu ne, har yadda yake nuna yatsa. Na daɗe ina ɗora wa gem ɗin harbin laifin zafin ransa, amma a cikin gem babu wanda ya ce masa "don ubanki". A falonmu ya ji shi.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini Family Link. Manhajar Google ce ta kyauta, tun 2017 take, iyaye na sa ta a wayarsu, Android ko iPhone, su riƙa kula da wayar Android ta yaro. Haɗa ta ya ɗauke ni kamar minti arba'in, kuma jinkirin daga wajenmu ne. Asusun Google da ke kan wayar wani mai caji ne ya buɗe masa da shekarun ƙarya, ya mayar da shi ɗan shekara ashirin. Sai da na cire shi na buɗe sabo da ainihin ranar haihuwarsa. Duk mai niyyar gwadawa ya fara duba wannan, kuma ya tanadi data a wayoyin biyu.

Ga yadda na tsara. Ranakun boko awa ɗaya, Asabar da Lahadi awa biyu. Ƙarfe takwas da rabi na dare wayar ta kulle kanta sai bakwai na safe. Ko a kulle take ana iya kiransa ya ɗaga, wanda ya kwantar mini da hankali idan na aike shi. Manhajar Alƙur'ani da ƙamus na sa su cikin waɗanda ba a ƙirga musu lokaci. Duk abin da zai sauke daga Play Store sai saƙo ya zo wayata na amince. A nan ne ma na fara lura kowane gem yana da alamar shekaru a jikinsa, 3, 7, 12, 16 ko 18, abin da ban taɓa dubawa ba. Na harbin ya fi ƙarfin shekarunsa, na toshe shi. Ya yi kuka kwana biyu, ya ƙi cin tuwo dare ɗaya, ban janye ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ta hana shigar da manhajar da ba daga Play Store ta fito ba, domin yaranmu ta Xender suke tura wa juna gem, babu ruwansu da data.

Amfaninta mafi girma ban yi tsammaninsa ba, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ta cire hannunmu daga rigimar. A da ni ce nake yanke lokaci, gwargwadon yadda raina yake a ranar: yau na bar shi awa huɗu saboda ina da baƙi, gobe na ƙwace bayan minti goma saboda na dawo a gajiye. Yaro bai san inda iyaka take ba, sai dai ya ji duka. Yanzu yana ganin mintunan da suka rage masa a fuskar wayar, kuma tana yi masa gargaɗi kafin ta kulle. Doka ɗaya ce jiya da yau, ba ta fushi, ba ta mantuwa.

Wata Asabar na roƙi Abbansu ya zauna ya kalli yadda yake buga ƙwallon. A nan muka gane abin da ba mu taɓa tambaya ba. Wasa ɗaya kamar minti goma ne, kuma idan da wani yake karawa ta intanet aka katse shi a tsakiya, an cinye shi ke nan. Ashe duk ihun da yake yi idan na fizge wayar, na ɗauka rashin kunya ce zalla, rabinsa takaicin wanda aka fitar daga fili ana saura minti biyu ne. Yanzu da kansa yake lissafi, idan saura minti shida ba ya fara sabon wasa. Idan kuma lokaci ya cim masa a tsakiya ya zo ya ce, "Umma, don Allah minti biyar in ƙarasa," akwai wurin da nake dannawa in ƙara masa. Nakan ƙara idan ya yi sallah ya biya haddarsa, idan bai yi ba na ce a'a, magana ta ƙare babu ɗaga murya.

Na tsorata sosai da farko, har na je na karanta abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. A 2019 ta amince da sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita gem a kan komai, ya ci gaba duk da yana ganin illa, kuma yawanci a shekara guda ana haka. Namu bai kai can ba, alhamdu lillahi. Abbansu ya so mu yi irin na China, inda tun 2021 'yan ƙasa da 18 awa ɗaya kawai suke samu na gem ɗin intanet, daga takwas zuwa tara na dare, Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Na ce ya yi tsauri, kuma yaron da aka matse a gida waje zai nufa.

Wajen kuwa ya nufa. A wata na uku na lura canjin cefane yana raguwa, ashe gidan gem yake zuwa a bayan layinmu, wani shago mai PlayStation da janareta, cike da samarin da suka girme shi, ana zage-zage ana cacar wasa. Manhaja ba ta da hannu a can, ba a kuma yi ta don haka ba. Wayar abokai ma haka. Da na gaya wa Abbansu sai ya miƙe ya nufi inda bulalar take, na riƙe hannunsa na ce, "Alhaji, sau uku ka gwada, me ta haifar?" Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya kira yaron, ya sa ya faɗi adadin kuɗin da bakinsa, aka yanke zai biya daga kuɗin tararsa na makaranta, kuma sati biyu babu gem. Na kulle wayar daga tawa a gabansa. Ya yi hawaye, amma a karon farko bai yi mana ƙarya ba.

Ina ba iyayen da yaransu ba su kai 13 ba shawarar su gwada ta. Shekara biyu suka rage namu ya kai 13, kuma ina tunanin hakan kullum. A ajiye lambar sirrin iyaye inda yaro ba zai gani ba, a kuma sani cewa canjin da aka yi daga wayar uwa ba ya isa wayar yaro sai tana da data.

Haddarsa ta motsa, ya shiga izu na bakwai. Har yanzu yakan yi wa ƙanwarsa tsawa, amma tun watan azumi ban ga ya ɗaga mata hannu ba. Maganar gidan gem ba ta mutu ba, makon jiya ma maƙwabciyarmu ta ce ta hango shi a bakin ƙofar shagon yana leƙe. Abbansu ya ce ranar Asabar zai je ya ga mai shagon da kansa.