Sharhi kan tef ɗin Scotch 130C wajen kare mahaɗin kebul a kan hasumiyar eriya

Mahaɗin PL-259, wato kan ƙarfen da ake haɗa kebul da eriya da shi, wanda aka ƙirƙira tun shekarun 1930 kuma har yau shi ne ya fi yawa a eriyoyin masu rediyo, ba a yi shi don ya hana ruwa shiga ba. Wani nau'in da ake kira mahaɗin N yana da zoben roba a ciki, amma shi ma ba ya toshe wurin da kebul ya shiga jikinsa yadda za a saki jiki. Da zarar danshi ya samu kafa, saƙar jan ƙarfen da ke ƙarƙashin rigar kebul ɗin kowaks, wato kebul mai kai sigina tsakanin rediyo da eriya, takan zuƙe shi zuwa ciki, ta yi baƙi, ƙarfin sigina ya riƙa zurarewa. Abin da ya fi damuna shi ne na'urar auna SWR, wadda ke nuna yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya, tana iya nuna lafiya lau, domin kebul ɗin da ya lalace yana cinye ƙarfin da ya kamata ya dawo a gani.

Saboda wannan matsala nake ganin Scotch 130C na kamfanin 3M ya cancanci yabo. Tef ne na roba mai kaurin milimita 0.76, wanda aka yi asali don haɗin wayoyin lantarki masu ƙarfi, kuma ba gam ne ke riƙe shi ba. Idan aka ja shi har faɗinsa ya ragu zuwa kashi uku cikin huɗu, aka naɗa kowane zagaye ya rufe rabin na baya, sai zagayen su manne da juna su zama fata guda wadda ta bi kowane lungu na mahaɗin. Ba shi da takardar baya da za a riƙa ɓarewa, kuma duk wanda ya taɓa aiki a saman hasumiya, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, iska na kaɗawa, ya san darajar wannan. Ranar da ake son buɗewa, a tsaga shi da reza, ya fita ya bar ƙarfen tsaf, saɓanin danƙon toshiya mai laushi wanda ke maƙalewa cikin zaren mahaɗi.

Sai dai shi kaɗai bai wadatar ba. Roba ce mai taushi da ke buƙatar kariya daga rana da gogayya, don haka dole a lulluɓe ta da tef na PVC mai inganci irin Scotch Super 33+. A fara naɗin daga ƙasa zuwa sama yadda kowane zagaye zai hau kan na ƙasansa kamar jerin kwanon rufi, a zarce santimita kaɗan a kan rigar kebul, sannan a bar zagayen ƙarshe ba tare da ja ba, a yanke da almakashi, domin tef ɗin da aka fizge yakan ɗaga baki daga baya.

Kada a yi kuskuren cike gurbin 130C da silikon mai warin tsami, domin sinadarin da yake fitarwa yana cin jan ƙarfe. Haka kuma tef ba ya gyara kebul ɗin da ya riga ya sha ruwa. Wannan sai a yanke har inda saƙar take sheƙi, a sa sabon mahaɗi a busasshiyar rana, sannan a naɗa.