Sharhina kan ajin nazare da na saka 'yata, abin da na gani a makonnin farko

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana. Tun da aka koma makaranta a watan Satumba ake ta tambayata wai ya makarantar da na kai auta take, to gara in rubuta gaba ɗaya kowa ya samu amsa. Sunan makarantar kam ba zan kama ba, don akwai abin da zan yaba akwai kuma wanda raina bai so ba. Makarantar kuɗi ce dai a nan Kano, irin matsakaitan nan, ba ta 'ya'yan manya ba ce kuma ba irin wadda ake buɗewa a gareji ba, suna da nazare da firamare da Islamiyya da yamma. Yarinyar shekararta huɗu, kuma kafin nan ba ta taɓa wuni a wani waje ba in ba gidan kakarta ba.

Tun daga farko in faɗa muku matsayata, zan bar ta a can ta ƙarasa shekarar in sha Allahu, kuma ba don gini ko lilo ko fentin bango ba, don antin ajinsu ne, da kuma yadda ba ta yi gaggawar ɗora wa yaran rubutu ba.

Makon farko kuka ne kawai, duk wadda ta taɓa kai yaro ta sani, ana riƙe miki hijabi ana birgima a bakin get. Abin da ya burge ni shi ne antin ba ta fizge yaro daga hannun uwarsa, kuma ba ta yarda ki sulale ki gudu ba. Ce min ta yi "Maman Auta ki durƙusa ki gaya mata za ki tafi kuma za ki dawo in an tashi, sannan ki tafi kada ki waiwayo." Kowane yaro an ba shi hoto nasa tunda ba su iya karanta sunansu ba tukuna, tawa kifi aka ba ta, an manna kifin a ƙugiyar da take rataye jaka, da kan kujerarta, da jikin kofinta. Da ta shiga sai antin ta ce je ki nemo kifinki, yaro yana cikin neman wurinsa sai ka ga kukan ya ragu ya koma shessheƙa. Ni dai kafin a shiga mako na uku ita ke jan hannuna da safe tana cewa Umma mu tafi kar a rufe get.

Inda aka samu saɓani a gidanmu shi ne littafin rubutu. Abbansu ya buɗe jakar ya ga littafi fari fes, sai 'yan zane-zane na kireyon da takarda da aka yayyaga aka manna da gam, ya ce shi fa bai gane ba, ɗan maƙocinmu da suke sa'anni har ya fara rubuta ɗaya zuwa hamsin, mu kuma mun biya kuɗi ana yaga takarda. Na je na samu antin bayan an tashi na tambaye ta cikin mutunci, sai ta kamo hannun yarinyar ta miƙa mata fensir ta ce in duba. Wallahi da dunƙulen hannu ta damƙe shi gaba ɗaya, tana dannawa har bakin ya karye. Ta ce wannan hannun bai nuna ba tukuna, in aka tilasta masa shafi guda na rubutu yau zai yi, amma da kuka, kuma riƙon da ta saba da shi yanzu gyara shi sai an sha wahala. Shi ya sa suke fara aikin yatsu. Suna yaga takarda ƙanana-ƙanana, suna zura makaroni a zare su yi sarƙa, suna murza yumɓu, suna matsa abin shanya su maƙala a bakin kwali, suna tsince wake daga cikin masara da yatsa biyu, duk don babban yatsa da manuni su yi ƙarfi su saba aiki tare. Akwai faranti da ta zuba rairayi mai laushi a ciki, a nan suke fara zana harafi da yatsa, in ya karkace yaro ya girgiza farantin ya sake, babu jan biro babu gogewa har takarda ta huje. Yanzu in kika ba ta fensir da yatsu uku take kamawa, ba wanda ya doke ta a kai.

A allon tallarsu sun rubuta Montessori da manyan baƙaƙe, to a nan kam kada ku ruɗu. Ainihin tsarin da Maria Montessori ta fara a birnin Rum na Italiya a 1907 yana da kayan aikinsa na musamman, ana haɗa yara masu shekaru daban-daban a aji ɗaya, yaro ya zaɓi aikin da zai yi da kansa ya daɗe a kai, su kuwa nan ba haka ba ne, aji ne irin wanda muka sani. Abin da ake da shi malama ce mai basira da take haɗa kayanta da marfin kwalba da kwalin taliya, kuma ni hakan ya fi min sunan da aka rubuta a bango, sai dai bai kamata a sayar wa iyaye suna ba.

Ɓangaren karatu Jolly Phonics suke bi, wannan tsarin na Ingila mai sautuka 42 da makarantu da yawa suke amfani da shi yanzu har da na gwamnati. Ba sa farawa da haddar A B C kamar yadda aka yi mana, sautin harafi ake koya musu, kuma ba a jere ba, rukunin farko s, a, t, i, p, n ne saboda da waɗannan shidan kaɗai yaro zai iya haɗa ƙananan kalmomi. Kowane sauti da motsinsa, na s ana lanƙwasa hannu kamar tafiyar maciji, na a yatsu na hawa dantse wai tururuwa ce, na n a buɗe hannuwa a yi jirgin sama. Wanda na fi jin daɗin kallo shi ne p, tunda mu a bakinmu babu shi sosai, yaranmu f suke mayar da shi. Antin takan ɗaga yatsa a gaban baki a matsayin kyandir ta ce a haɗe leɓe a hure shi, wani lokacin ta riƙe 'yar takarda a gaban bakin yaro, in takardar ta yi tsalle to ya faɗa daidai, sai ka ga yara sun yi layi kowa na so takardarsa ta motsa. Tawa har a gida take bin mu da yatsa tana cewa Yaya hure. Ba su kai ga haɗa kalma ba tukuna amma in ta ga buhu ko kwali tana nuna harafin da ta sani tana yin sautinsa.

Lissafi ma haka, ba su wuce biyar ba a makonnin nan, sai dai biyar ɗin ta gaske ce, a ce ɗebo marfi uku ta ɗebo uku ba wai ta rera lambobi ba tare da ta san nawa ne a hannunta ba. Ranar Alhamis kuma akwai tatsuniya a kan tabarma, Gizo da Ƙoƙi, antin tana canza murya tana tsayawa ta tambaye su me kuke gani zai faru. Da safe suna yin addu'o'i gajeru, ta cin abinci da ta shiga banɗaki, wannan ma ya shiga kanta da wuri.

To yanzu abin da ya ɓata min rai. Hukumar makarantar ta hana Hausa, an rubuta an manna a bango, har wata rana yarinyar ta dawo da wando a jiƙe, da na lallaɓa ta sai ta ce ta manta yadda ake cewa za a yi fitsari da Turanci kuma an ce kar a yi Hausa a filin wasa, sai ta yi shiru ta matse har ya zubo. Ranar ban yi barci da daɗi ba. Yaro ɗan shekara huɗu da bai fi wata guda da barin gida ba a ce ba zai faɗi buƙatarsa da harshen uwarsa ba? Ba na ƙin Turanci, don shi ma na kai ta, amma ai ba a koyon sabon harshe ta hanyar tsoro. Na san maganar harshe a makaranta gwamnati ma ta kasa tsayawa wuri ɗaya a kanta, manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a fara wa ƙananan yara da harshen gida, a 2022 zamanin ministan ilimi Adamu Adamu aka ce har ƙarshen firamare, a ƙarshen 2025 kuma aka soke aka koma Turanci. Ko ma dai wanne ake bi, babu wanda ya ce a hana yaro neman banɗaki. Antin ajinsu ita tana haɗawa, ta faɗa da Turanci ta maimaita da Hausa, tatsuniyar ma da Hausa take yi, amma a ɓoye take yi kamar mai laifi, in ta ji takun shugabar makaranta sai ta juya harshe. Na je ofis na yi magana, an ba ni haƙuri an ce za a gaya wa masu kula da yaran, takardar dai tana nan a bango har yanzu.

Na biyu yawan yara. A manufar ilimi yara 25 aka ce wa malami ɗaya a nazare, ajinsu ya haura talatin, anti ɗaya da nani ɗaya, ita nanin kuma ita ce kai banɗaki ita ce tsarki ita ce buɗe kular abinci ita ce shara. In yara biyu suka matsu lokaci guda dole ɗaya ya jira. Ga tagogin ajin ƙanana, in aka ɗauke wuta zafi ya isa, shi ya sa mura ta zagaye su kaf a ƙarshen damina, tawa ma ta kwaso ta rabar wa gida. In yi musu adalci akwai bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar aji kuma ana sa su wanke hannu kafin cin abinci, na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Sai asambule, ana tsayar da 'yan nazare tare da 'yan firamare a rana suna rera jihohi 36 da manyan biranensu, yaran da ko sunan unguwarsu ba su gama sani ba, wannan ɓata lokaci ne kawai don a burge iyaye. Aikin gida ma ofis ne ya tilasta a riƙa bayarwa kullum saboda wasu iyayen suna ƙorafi a guruf ɗin WhatsApp cewa ba a ba da komai, ka ga mu ma iyaye da namu laifin a matsa wa malamai. Yaro ya tashi tun asuba, ya dawo da rana, ga Islamiyya da yamma, sannan a ce ya zauna cika shafi da dare, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yara 'yan shekara uku zuwa huɗu suna buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya har da na rana. Ni na gaya wa antin in yarinyar ta gaji ba za mu yi ba, ta ce wallahi Maman Auta ni ma hakan na fi so, ki bar ta ta yi barcinta.

Kuɗi kuwa ku shirya, kuɗin zango daban, yunifom kala biyu da kayan wasanni daban, littattafai dole a wajensu za a saya kuma rabinsu har yau ba a buɗe ba, suna kabad. Ku nemi a rubuta muku komai da komai kafin ku biya ko sisi.

Mai son kai yaronta irin wannan makaranta, ki je da kanki wajen ƙarfe goma na safe ba lokacin da suka gayyace ki ba, ki roƙa a bar ki ki leƙa ajin da za a sa shi, ki ƙirga yaran, ki shiga banɗakin, ki ga ko malamar tana durƙusawa in za ta yi wa yaro magana, ki kuma tambaya ko ita ce za ta riƙe ajin har ƙarshen shekara don malamai suna yawan barin irin makarantun nan saboda albashi. Ni na tambaya an ce min tana nan. Akwai taron iyaye da malamai bayan hutun tsakiyar zango, mun yi magana da wasu iyaye mata na ajin za mu je tare mu nemi a ƙara nani ɗaya, a kuma cire wa 'yan nazare dokar hana Hausa.